Awa Talatin da Ɗaya na Malam Nuna-Min

A duk faɗin jami'ar, in ka nemi mutumin nan da sunan yanka, sai ka sha yawo kafin a gane wanda kake nufi. Amma ka ce Malam Nuna-Min, ko mai gadin ƙofa zai ɗaga hannu ya nuna maka hawa na biyu na sashen ƙididdiga, ofishin ƙarshen baranda, mai ƙofar da ke kuka in an tura ta. Ɗalibai ne suka laƙaba masa sunan, kuma ba su zalunce shi ba. Ba ka isa ka kawo masa wata lamba ka ce bincikenka ne ya haife ta ba, sai ya tura tabarau goshi, ya miƙo tafin hannu, ya ce, "Nuna min." Ba jadawalin da ka ƙawata a kwamfuta yake tambaya ba. Takardar asali yake so, wadda aka cike da biro a gaban mai ba da amsa, har da maiƙon yatsa da inda aka soke aka gyara.

A gida ya ɗauko halin. Mahaifinsa tela ne, irin wanda in an aiko masa da awon mutum a rubuce sai ya mayar da yadin, ya ce mai rigar ya zo da kafaɗunsa. Ɗan ya bar almakashi ya kama biro, amma taurin kan bai tsaya a shago ba, ya biyo shi. Lissafi ya zame masa ruwan sha tun a sakandare. Ya yi digiri, ya tafi ƙaro ilimi wata ƙasa mai sanyi, ya dawo da digiri na uku da wata jakar fata wadda ya yi kusan shekara arba'in yana kai wa mai gyaran takalmi yana ɗinke mata hannu. Yana da talatin da biyu ya fara tsayawa gaban allo.

Koyarwa kam ya iya ta, wannan ko wanda ya kayar ba ya musu. Sai dai a sha wuya. In ya shigo aji ba ya dogon gaisuwa, ya ajiye jaka, ya kwance agogo ya ɗora a tebur, ya juya ya fara rubutu ƙanana-ƙanana kamar jerin tururuwa. A gida ma ba a tsira ba. In matarsa ta ce kowa na cewa za a yi ruwa yau, sai ya ce, "Kowa mutum nawa ne?" 'Ya'yansa huɗu sun tashi ba sa cewa kullum, sai dai sau uku cikin biyar. Ƙaramarsu ta taɓa ce wa malamar ajinsu ta kawo hujja, aka koro ta gida da wasiƙa. Maimakon ya yi faɗa, sai ya sa wasiƙar a jaka ya yi mako yana nuna wa abokan aiki.

Abin da ya sa aka san shi a wajen harabar jami'a aiki ɗaya ne, ya yi shi yana da shekara talatin da bakwai. Ya ɗauki ma'aikata goma sha biyu suka bi gida ɗari shida, suna yi wa iyaye mata tambaya: daga lokacin da jikin yaro ya yi zafi zuwa lokacin da aka kai shi asibiti, awa nawa ne? Kowane gida da fom ɗinsa. A zamanin, kwamfutar jami'a guda ɗaya ce tak, ta cika ɗaki, kuma ba a yi mata magana sai da kati mai huda. Ka kai katunanka yau, ka dawo gobe ka karɓi amsa a doguwar takarda. Wadda ta huda masa katunan matarsa ce, don a ɗakin take aiki, can ma suka fara haɗuwa. Amsar da injin ya bayar lamba ɗaya ce a ƙasan shafi: matsakaicin jinkiri, awa talatin da ɗaya.

Yini da kwana har da ɗori ke nan, yaro na kwance da zazzaɓi. Lambar nan ta tsorata mutane, ta kuma yi tafiya. Aka buga ta a mujallu, aka gayyace shi taruka ƙasa-ƙasa, likitoci suka haddace ta, aka yi ta yi wa iyaye mata faɗa da ita a rediyo. Da ita ya zama farfesa yana da arba'in da huɗu. Fom ɗari shidan nan kuwa ya sa aka jera su a kwali shida a saman kabad ɗin ofishinsa, duk baƙon da ya shigo sai an nuna masa su.

Yana da arba'in da tara wata ɗaliba ta ce a kan fom ɗin nan take so ta gina kundin digirinta na biyu. Abokan karatunta Shiru-Shiru suke ce mata. A gaba take zama, ba ta ɗaga hannu, amma in an raba takardun jarrabawa tata ce a sama. Ta riƙa ɗaukar kwalayen ɗaya bayan ɗaya zuwa laburare, tana bin su fom-fom da hannu, yadda ya koyar. Bayan wata biyu ta zo ta tsaya a bakin ƙofarsa.

"Allah ya gafarta Malam, goma sha huɗu na samu."

"Goma sha huɗun me?"

"Awa."

To ga abin haushin. Mutumin da ya hana duniya sakat da nuna min, nuna min, ranar nan bai faɗa ba. Ko tabaran bai taɓa ba. Ya jawo durowa, ya fito da doguwar takardar injin, ya ƙwanƙwasa yatsa a kan lambarsa, ya ce ta je ta sake. Ta sake, sha huɗu. Ta kuma sakewa, sha huɗu. Ranar kare kundi, a gaban malamai uku da ɗaki cike da ɗalibai, ya yi mata tatas. Ya ce, "Yarinya, ƙididdiga ba dole ba ce. Wanda ya kasa haɗa lamba ɗari shida ya raba, ya nemi wata sana'a tun da sauran ƙuruciya." Ta tsaya rungume da takardunta. Aka ba ta wata shida ta gyara. Ta dawo da sha huɗun nan dai, da 'yar takardar ban haƙuri cewa ta kasa gano inda ta kauce. Aka cire sunanta daga jerin ɗalibai.

Daga shekarar ya kafa doka, wai don kada a sake samun irinta: duk ɗalibin digiri na biyu sai ya sauke kwalayen nan ya fito da lambar da hannunsa kafin ya wuce. Kuma shekara ashirin da ɗaya, kowa talatin da ɗaya yake kawowa. Wannan ya ƙara kwantar masa da hankali.

Saura mako uku ya cika saba'in ya ajiye aiki, sashe ya shirya masa laccar ban kwana. Wata safiya da misalin ƙarfe goma, shayinsa na gefe yana hucewa, ya ce bari ya yi wa tsohuwar lambarsa hoto, a haska a majigi mutane su gani. Alƙaluman suna nan. An kwafe su daga kati zuwa faifai, daga faifai zuwa wani faifan, har suka iso kwamfutar da ke kan teburinsa, amma bai taɓa buɗe su ya dube su ɗaya-ɗaya ba. Me zai duba, alhali ya san amsa? Ya umarci na'urar ta zana masa sanduna, kowace awa da sandarta, tsawon sanda yawan gidajen da suka faɗi wannan awar.

Zanen ya fito. Sandunan sun taru a hagu, daga awa biyu zuwa talatin, suna raguwa har suka ƙare wajen hamsin. Daga nan fili fayau. Can ƙarshen dama kuwa, sanda ɗaya tsaye ita kaɗai, ta fi kowace tsawo, kamar turken wuta a tsakiyar gona. A ƙarƙashinta an rubuta tasa'in da tara. Gida ɗari da ashirin.

Ba ya bukatar kowa ya fassara masa, shi ne mai koyar da wannan a makon farko na kowace shekara. A da, in mutum bai ba da amsa ba, ba a barin gurbin kati fanko, sai a cike shi da tara-tara a matsayin alamar babu amsa, sannan a gaya wa injin ya tsallake su. In ba a gaya masa ba, injin ba shi da wayo, zai ɗauka uwa ɗari da ashirin sun bar 'ya'yansu awa tasa'in da tara. Ya rubuta umarnin a cire su. Kafin ya janye yatsa amsa ta fito. Goma sha huɗu.

Zufa ta keto masa duk da fankar da ke kansa. Sai ya ce a ransa wataƙila wajen kwafe-kwafen ne aka lalata alƙaluman. Tsoho mai ciwon gwiwa ya taka kujera ya sauko da kwali shida shi kaɗai, ya kulle ƙofa, ya zauna a ƙasa a kan kafet yana ware fom ɗin da ba a cike gurbin awa ba. A wasu ma'aikacin ya ja ɗan layi, a wasu ya rubuta "ba ta tuna ba". Masinja ya ƙwanƙwasa sau biyu bai amsa ba. Wajen ƙarfe uku ya ƙirga tulin, ya sake ƙirgawa. Ɗari da ashirin cif.

Da ya koma gida ya iske matarsa a falo tana guga. Ta daɗe da yin ritaya, yanzu aikinta jikoki da shuke-shuken bayan gida. Kallo ɗaya ta yi masa ta jingine dutsen gugar.

"Malam, lafiya? Ko hawan jinin ne?"

"Maman yara, katunan binciken zazzaɓin nan. Inda uwa ba ta ba da amsa ba, me kika buga?"

"Tasa'in da tara mana."

Ko tunani ba ta tsaya yi ba, bayan shekara talatin da uku. Shi kuwa, Allah ya shirye shi, har a lokacin sai da ya nemi inda zai jingina laifin.

"Wa ya ce ki sa?"

"A'a, Malam, kada ma ka soma. Kai ka rubuto min da hannunka ka liƙa a jikin injin, gurbi biyu ne, inda babu amsa a sa tara biyu. Har layi ka ja a ƙarƙashi. Na tambaye ka ko injin zai gane, ka ce in yi aikina ka yi naka."

Ya zauna a hannun kujera. Ya tuna. Kati ɗaya ne ake sawa a gaban sauran, mai gaya wa injin ya tsallake tara-tara. Wannan katin aikinsa ne, kuma bai yi shi ba. Yana ta ɗokin ganin amsa ya kwashi tulin ya miƙa. Ya gaya mata abin da ya gani a ofis, a taƙaice, idonsa a kan tabarmar ƙofa. Ta dafe ƙirji. Ba ta tambayi sunansa ko mujallu ko laccar da ke tafe ba.

"Yarinyar nan fa?"

"Wace yarinya?" ya ce, alhali tun safe ita ce a ransa.

"Wadda ta zo gidan nan. A kujerar can ta zauna, da wani littafi a cinya, tana roƙo ka duba mata minti biyar kawai. Ka ce in ce ba ka nan. Ni na raka ta har bakin titi, kunya kamar in nutse."

Bai ci abincin rana ba, bai ci na dare ba.

Washegari ya riga kowa zuwa, ya jira shugaban sashe a ƙofar ofishinsa. Shugaban tsohon ɗalibinsa ne, yanzu shi ma farfesa, mutum mai fara'a da tumbi, Baba yake ce masa. Malam ya rufe ƙofa da kansa, ya shimfiɗa zanen a kan tebur, ya ɗora yatsa a kan doguwar sandar. Ya shirya ganin mutumin ya zabura. Sai ya ga ya dubi takardar, ya sauke numfashi, ya koma ya jingina.

"Sha huɗu ce, Baba."

"Ban gaya maka amsar ba tukuna."

"Ni ma ita na samu."

Malam ya riƙe gefen tebur. Shugaban sashe ya cire hula ya ajiye, ya shafa kai, ya ƙi haɗa ido da shi.

"Ina zaune a bayan ɗakin ranar da aka yi wa Shiru-Shiru abin da aka yi mata. Shekarar da ta biyo, mu ne farkon waɗanda suka sauke kwalayen. Mu bakwai, kowa sha huɗu. Muka dubi juna. Baba, wa zai shiga ofishinka da wannan lambar bayan abin da muka gani? Ba mu san daga ina taka ta fito ba, mun dai san wadda ake wucewa da ita. Muka rubuta talatin da ɗaya. Daga nan ya zama saƙon da manya ke bar wa na baya: ko nawa ka samu, ka san abin da za ka rubuta."

"Mutum nawa?"

"Duk wanda ya bi ta hannunka tun daga lokacin. Ɗari biyu da wani abu."

Wallahi da marinsa aka yi da ya fi masa sauƙi. Ɗari biyu da wani abu, a cikinsu akwai farfesoshi, akwai masu riƙe da ofisoshin ƙidaya, mutanen da yake bugun ƙirji da su a taro yana cewa shi ya horar da su. Ashe darasin ƙarshe da ya ba kowannensu shi ne yadda ake ganin gaskiya a rubuta wani abu dabam. Mutum ɗaya ce ta ƙi koyon darasin, ita ce kuma ya kora.

Shugaban sashe ya matso da kujera, ya sassauta murya. Ya ce saura mako uku, Baba ya yi laccarsa a tafa masa ya je gida ya huta, daga baya su sa wani ya sake nazarin a hankali, a gyara ba tare da an tayar da ƙura ba. Ya ce ai ba wanda ya mutu, ƙarshenta ma tsoron lambar ya sa an riƙa kai yara asibiti da wuri. Malam ya bar shi ya gama.

"Ina yarinyar take?"

Shugaban sashe ya sani kuwa. Tana koyar da lissafi a wata makarantar sakandare a can gefen gari, bayan tashar bas ta ƙarshe.

Wasiƙar da ya rubuta wa mujalla, cewa ya janye lambarsa kuma ga dalili, ba ta ɗauke shi minti ashirin ba. Wannan mai sauƙi ne. Hawa mota ya nufi makarantar ne ya ɗauke shi kwana biyu. Ranar farko har ya kai randabawul ya juyo.

Ɗakin malaman dogo ne, da teburi ɗaya a tsakiya, tulin littattafan yara a kai, jadawalin darussa a liƙe a bango, fanka tana juyawa da ƙyar. Ya tambayi malamar lissafi, wani malami mai cin gyaɗa ya yi dariya ya ce, "Malama Sau-Uku kake nema, ga ta can." Wai don ba ta ba yaro maki sai ta bi lissafin sau uku. Tana ƙarshen teburin, mace mai shekara arba'in da 'yan kai, da tabaran karatu, jan biro a hannu, kalkuleta a gefe. Ta ɗago ta gan shi. Kafin ta san abin da take yi ta miƙe tsaye, har biron ya faɗi.

"Allah ya gafarta Malam."

Ta jawo masa kujera, ta tambayi iyali, ta tambayi Mama. Sauran malaman suka ga fuskar baƙon, suka kwashi littattafansu ɗaya bayan ɗaya suka fita. Ya shirya jawabi a mota, mai gabatarwa da komai, amma duk ya zube.

"Malama, amsarki daidai ce. Goma sha huɗu ce. Ni na yi kuskure."

Ya zaci kuka, ko zagi, ko ta ce dama ta sani. Sai ta yi ɗan murmushi irin na mai rarrashin tsoho.

"Haba Malam, kada ka damu kanka don za ka yi ritaya. Ni na daɗe da yarda na yi kuskure. Inda yake ne dai ban gano ba. Na kwafe lambobin duka a littafi tun a lokacin, duk dogon hutu nakan ɗauko in sake bi. Har bara na bi."

Bai taɓa kawo wannan a ransa ba. Yana ganin ta tafi ne tana jin haushinsa, tana riƙe da gaskiyarta. Ashe ta tafi ne ta yarda da shi.

Ya fito da zanen daga jaka ya shimfiɗa a kan littattafan yaran. Ya nuna mata sandar, ya yi mata bayanin katin da bai yi ba. A fom ɗin da ta bi, gurbin fanko ne, don haka ta tsallake shi kamar yadda ya kamata. Tara-taran nan a cikin injin kaɗai suke, kuma shi kaɗai ke da mabuɗinsa. Ta daɗe tana kallon takardar. Sannan ta jawo kalkuleta. Ta buga ɗari da ashirin sau tasa'in da tara. Ta ƙara dubu shida da ɗari bakwai da ashirin, jimillar awannin gidajen da suka amsa, ba tare da ta duba ko'ina ba, lambar tana kanta kamar ranar haihuwarta. Ta raba da ɗari shida. Talatin da ɗaya ta fito a ɗan gilashin.

Ta zauna. Ta cire tabarau ta riƙe a hannu.

"Sake faɗa, Malam."

"Amsarki daidai ce. Tun ranar farko."

"Sau biyu aka ba ni ajin ƙarshe a makarantar nan na ƙi karɓa," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa, kamar da teburin take magana. "Na ce a bar ni da ƙanana, kada in ɓata 'ya'yan mutane a jarrabawar fita. An kira ni aiki ofishin ƙidaya, ban je ba. In ɗana ya kawo min aikin gida, sai in ce ya bari babansa ya dawo."

Ya yi sauri ya shiga abin da ya zo da shi, don shirun ya fi ƙarfinsa. Ya ce ya rubuta wa mujalla, kuma sunanta ne zai hau kan gyaran. Ya ce zai tsaya gaban majalisar jami'a da kansa har sai an ba ta digirinta. Ya ce a laccarsa ta ban kwana zai faɗi komai a gaban kowa, kuma yana roƙo ta zo ta zauna a gaba. Ya ce ta yafe masa. Ta bar shi ya kai ƙarshe, ba ta katse shi ba.

"Malam, babana direban bas ne. Bai yi boko ba. Ranar kare kundin nan ya ba wani motarsa, ya sa rigarsa mai kyau, ya zo ya tsaya a bayan taga don ya ga 'yarsa. Duk abin da ka faɗa a kunnensa ka faɗa."

Malam ya sunkuyar da kai.

"Bai yi min faɗa ba. Muna tafiya zuwa tasha ya ce, 'Uwata, ni ne na ɗora miki abin da ya fi ƙarfinki don in yi alfahari, ki yafe min.' Shi yake neman gafarata. Daga ranar bai sake ambaton jami'a a gabana ba, ko a rediyo aka faɗa sai ya canza tasha. Shekara shida ke nan da rasuwarsa, kuma har ya tafi yana ganin shi ya cuce ni."

Ta ɗago ta dube shi, idonta a bushe, ba fushi a fuskarta, abin da ya fi ba shi tsoro ke nan.

"Digirin na ji, na gode. Amma yanzu wa zan je in gaya wa?"

Tambaya ce ta gaske, kuma ta jira amsa, yadda ɗalibi ke jiran malaminsa. Aka kaɗa ƙararrawa, baranda ta cika da hayaniyar yara, ita kuwa tana nan tana jira. Da ta ga ba shi da abin cewa, ta mayar da tabaranta, ta zare littattafan yaran daga ƙarƙashin zanensa a hankali, ta ɗauki alli biyu ta fita. Yana zaune shi kaɗai a dogon ɗakin ya ji ta a ajin da ke kusa tana ce wa yara su zauna, su buɗe shafi na arba'in da biyu.